Idan Wayar Faifai ta Zare: Yadda Ake Farfaɗo da Uwar Garke

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Kankiya ko Kusada a yau, ba zai taka ƙofar jami'a ba sai ya zauna gaban kwamfuta. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a shekarar 2013, daga 2015 kuwa ta ajiye fensir da takarda gaba ɗaya. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da ɗalibai masu zaman kansu. A kowane ɗakin irin wannan jarrabawa, ban da kwamfutocin da ɗalibai ke gani a jere, akwai wata guda da aka keɓe a gefe. Ita ce ke raba wa sauran tambayoyi, ita ce kuma ke tattara amsoshi. Sunanta uwar garke, wasu kuma suna ce mata saba. Irinta ce makarantu da asibitoci da bankuna ke amfani da ita wajen adana sunaye da sakamako da lissafin kuɗi.

Ƙaramar matsala a uwar garke tana iya shafar jama'a masu ɗimbin yawa. A ranar 14 ga Mayu, 2025, magatakardan JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya bayyana cewa wata tangarɗa da ta shafi cibiyoyi 157 a Legas da kudu maso gabashin ƙasar nan ta taɓa sakamakon ɗalibai 379,997, har sai da aka sake musu jarrabawa. Waccan tangarɗa daga manhaja ta taso. A wannan darasi kuwa za mu duba wata wadda ta fi kusa da hannun kowa, wato zarewar wayar da ke haɗa faifan ajiya da uwar garke alhali tana cikin aiki. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: zarewar waya ba kasafai take lalata bayanai masu yawa ba. Mafi yawan ɓarnar tana zuwa ne daga gaggawar mai gyara. Ba banza ba Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa.

2.0 Allo da Littafi

Kafin a fahimci ciwon, sai an san jikin. Kwamfuta tana da ma'ajiya iri biyu. Ta farko ita ce ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda aka sani da RAM. Kamar allon almajiri take: rubutu a kansa yana da sauri, karatu yana da sauƙi, amma da zarar an ɗauke wuta kamar an wanke shi ne. Ta biyu ita ce faifan ajiya, wanda ke matsayin littafin da aka rubuta da tawada. Ko an kashe kwamfuta shekara guda, rubutun yana nan.

Kamfanin IBM ne ya fara fito da faifan ajiya a 1956. Na'urar tana ɗauke da faya-fayai 50, faɗin kowanne inci 24, amma abin da take iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Faifan yau ana riƙe shi a tafin hannu, yana juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, wato sau 120 a kowane sakan. Allurar da ke rubutu da karatu ba ta taɓa fuskarsa. Shawagi take yi a kan iska, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin gashin mutum ƙanƙanta sau dubbai. Akwai kuma faifan da ba ya juyawa, mai suna SSD, wanda ke adana bayanai a cikin ƙananan sassan lantarki.

A yawancin kwamfutoci, wayoyi biyu ne ke shiga bayan faifai. Ɗaya ta wuta ce, mai haƙora 15. Ɗaya kuma ta bayanai ce, siririya, mai haƙora 7, wadda ake kira SATA. Tun wajen 2003 ta fara maye gurbin tsohuwar waya mai faɗi kamar ɗamara. Tsawonta ba ya wuce mita ɗaya, kuma da yawa daga cikin irinta ba su da maƙalli. Ɗan taɓawa kaɗan ya isa ya zare ta.

3.0 Me ke Faruwa Idan Wayar ta Zare?

Mu ƙaddara wata makaranta ce a kan hanyar Kankiya zuwa Kusada. Lokacin hunturu ne, ƙura ta cika ko'ina, malamai kuma suna ta shigar da makin jarrabawar ƙarshen zango. Sai mai kula da ɗakin kwamfuta ya buɗe murfin uwar garke don ya kaɗe ƙura, ba tare da ya kashe ta ba. Hannun rigarsa ya sarƙe wayar SATA, ta fita. Abin mamaki, a sakannin farko babu wanda zai lura da komai.

Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba ta kai kowane rubutu faifai nan take. Da yake allo ya fi littafi sauri, sai ta tara abin da aka rubuta a RAM, ta riƙa kwashewa zuwa faifai lokaci zuwa lokaci. A tsarin Linux, rubutu yana iya jiran kusan sakan 30 kafin a kwashe shi. Manhajojin da suka riga suka hau RAM kuma za su ci gaba da aiki kamar lafiya lau.

Can sai uwar garke ta aika wa faifai saƙo, ta ji shiru. Za ta jira, ta sake aikawa, ta yi ƙoƙarin sabunta haɗin. Idan duk ya ci tura, sai ta yanke hukunci cewa faifan ya tafi. A nan Linux yakan rufe ƙofar rubutu, ya bar ta karatu kawai. Windows kuwa, idan faifan da yake zaune a kai ne ya ɓace, yakan tsaya cak ya nuna shuɗin allo. Mai kallo zai ɗauka na'urar ta lalace, alhali kuwa kare kanta take yi, kamar mai shagon da ya ga lissafi ya rikice ya ajiye alƙalami tukuna.

Akwai bambanci tsakanin wayoyin biyu. Idan ta bayanai ce ta zare, faifan yana da wuta, saboda haka yakan samu damar ƙarasa rubuta abin da ya riga ya karɓa. Idan ta wuta ce, abin da ke cikin 'yar ƙwaƙwalwar faifan kansa yana iya salwanta. Duk da haka an ƙera faifai mai juyawa ta yadda zai yi amfani da ragowar ƙarfin juyinsa ya janye allurarsa zuwa wurin hutunta, don kada ta karce fuskarsa.

4.0 Ƙaramin Littafi da Babban Littafi

Haɗarin gaske shi ne aikin da aka fara ba a gama ba. Adana fayil guda ɗaya yana buƙatar rubutu a wurare da dama: a rubuta abin da ke cikinsa, a rubuta sunansa a jerin sunaye, a kuma yi alama cewa an kama wannan fili. Idan waya ta zare a tsakanin waɗannan, sai a samu fayil mai suna babu jiki, ko jiki babu suna.

Masana sun magance wannan da dabarar da 'yan kasuwarmu suka daɗe da sani. Mai sayar da hatsi yakan rubuta cinikin yini a ƙaramin littafin aljihu, da yamma ya kwashe zuwa babban littafi, yana soke kowane layi da ya kwashe. Idan aka kira shi ana tsakiyar kwashewa, da ya dawo zai duba inda sokewar ta tsaya ya ci gaba. Haka tsarin jera fayil na zamani ke yi. Yakan fara rubuta niyyarsa a wani keɓaɓɓen wuri mai suna kundin niyya, sannan ya aiwatar. Tsarin NTFS na Windows yana da wannan tun 1993. A Linux, ext3 ya zo da shi a 2001, magajinsa ext4 kuma ya biyo baya a 2008. Idan an sake kunna na'ura, sai ta karanta kundin, ta ƙarasa ayyukan da niyyarsu ta cika, ta watsar da waɗanda niyyarsu ta yanke.

A lura da kyau: galibi wannan kundi tsarin ma'ajiyar yake karewa, ba lallai ya ceto rubutun sakannin ƙarshe ba. Wato rumbun ba zai rushe ba, amma kwanon hatsin da ke hannu lokacin da aka yi tuntuɓe yana iya zubewa.

5.0 Matakan Farfaɗowa

Mataki na ɗaya: a tsaya. A sanar da duk masu aiki su ɗaga hannu daga kwamfutocinsu, a rubuta ainihin lokacin da abin ya faru. Kada a yi wuf a mayar da wayar ana fatan babu wanda ya gani. Gaskiya ne an ƙera SATA ta yadda za a iya cire faifai da mayar da shi ana cikin aiki, amma wannan sai na'urar tana da shirin hakan kuma an sanar da ita tukuna. Faifan da ya ɓace ba sallama, idan ya dawo Linux yana iya ba shi sabon suna, alal misali sdb ya koma sdc, alhali manhajoji suna can suna neman tsohon sunan.

Mataki na biyu: a karanta abin da na'urar ke faɗa. A Linux umarnin dmesg yana nuna saƙonnin da suka fito, ciki har da lambar ƙofar da haɗinta ya yanke. A ɗauki hoton allon da wayar hannu, domin na'urar da ta rasa faifanta ba ta da inda za ta adana waɗannan saƙonni. Idan akwai wani aiki da ke buɗe wanda ba a adana ba, a yi ƙoƙarin juye shi a kan filashi.

Mataki na uku: a kashe uwar garke. A fara gwada hanyar da aka saba. Idan ta ƙi, wataƙila umarnin kashewar kansa yana kan faifan da ya ɓace ne, sai a danne maɓallin wuta har ta mutu. Daga nan a zare filogi daga bango.

Mataki na huɗu: a mayar da waya cikin natsuwa. Kafin a sa hannu, a taɓa ƙarfen jikin akwatin. A lokacin hunturu iska ta bushe, jikin mutum yana tara lantarki, irin wanda ke ƙara ƙas-ƙas idan ana cire rigar sanyi da dare, kuma wannan ya isa ya ƙona sassan cikin kwamfuta. Bakin wayar SATA yana da siffar harafin L, ta fuska ɗaya kawai yake shiga. A duba ko ya tsage ko wani haƙori ya lanƙwashe. Idan akwai shakka, a sa sabuwar waya, a kuma mayar da ita ƙofar da ta fito.

Mataki na biyar: a kwafa kafin a gyara. Wannan shi ne ginshiƙin darasin duka. A kunna na'urar, a shiga shafin BIOS a tabbatar ta ga faifan. Idan bayanan masu muhimmanci ne kuma babu kwafinsu na kwanan nan, kada a bar ta ta tashi daga faifan. A tayar da ita daga filashi mai ɗauke da Linux, a duba rahoton lafiyar faifan da ake kira SMART, sannan a kwafe shi ɗungurungum zuwa wani faifai mai girmansa ko wanda ya fi shi. Manhajar ddrescue, wadda kyauta ce, an yi ta ne don wannan aiki. A duba sau biyu wane ne tushe, wane ne mazubi, domin wanda ya juya su zai shafe bayanansa da hannunsa. Faifai mai terabayit 1, idan ana kwafar megabayit 100 a sakan, zai ci sakan 10,000, wato kimanin awa 2 da minti 47. Wannan jira ya fi sake tattara makin zango guda sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na shida: a bincika, sannan a gyara. A Linux ana amfani da fsck, a Windows kuma chkdsk. Kowannensu yana da hanyar duba kawai ba tare da taɓa komai ba: fsck -n, ko chkdsk shi kaɗai ba tare da /f ba. A fara da wannan, a karanta rahoton. Sau da yawa za a tarar karanta kundin niyya kaɗai ya wadatar. Idan akwai sauran matsala, sai a ba da izinin gyara. Kada a kuskura a yi gyara da fsck a kan faifan da ke buɗe ana aiki da shi, domin hakan kamar gyaran injin niƙa ne yana cikin juyawa. Ɓaraguzan fayil da aka tsinto, Linux yakan zuba su a jakar lost+found, Windows kuma a found.000.

Mataki na bakwai: a gwada da takarda. Tashin na'ura ba ya nufin komai ya dawo. Manhajojin rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL suna da nasu kundin niyya, kuma sukan daidaita kansu idan sun tashi. Duk da haka, sai malamai sun ɗauko takardun maki, sun duba duk abin da aka shigar a mintunan da suka gabaci lokacin da aka rubuta a mataki na ɗaya. Ɗalibar da ta ci 68 bai kamata ta ga gurbinta babu komai ba saboda an ɗauka aiki ya kammala.

6.0 Idan Faifan Ya Fi Ɗaya

Manyan uwayen garke sukan haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki tamkar guda. Sunan wannan tsari RAID, kuma ya shahara ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka gabatar a 1988. A RAID 1, faifai biyu suna ɗauke da abu iri ɗaya, kamar tagwaye. A RAID 5, faifai uku ko fiye suna raba bayanai tare da wani lissafin tsaro. Ga misali mai sauƙi: idan faifai na ɗaya yana riƙe da 7, na biyu 5, na uku kuma jimillarsu 12, to ko wanne ya ɓace ana iya gano abin da ke cikinsa daga sauran biyun. Amma idan biyu suka ɓace tare, lissafi ya tsaya.

Idan wayar faifai ɗaya ta zare a irin wannan tsari, aiki zai ci gaba, sai dai babu sauran kariya. Faifan da ya fita kuma daga wannan lokaci ya zama tsohon labari, domin 'yan'uwansa sun ci gaba da karɓar rubutu ba da shi ba. Saboda haka dole a gane shi da lambar da ke jikinsa, a mayar da shi a matsayin mai karɓa, sauran su cike masa abin da ya wuce shi. Manhajar mdadm ta Linux tana ajiye ƙidaya a kan kowane faifai, wadda ke nuna wanda ya fi sabon labari.

Akwai wata waya a manyan na'urori da ke ɗaukar faifai huɗu a lokaci guda. Idan ita ta zare, tsarin duka zai faɗi, na'urar kuma ta nuna kamar komai ya tafi. Bayanan suna nan daram. Abin da ake buƙata shi ne a sake tara tsohon tsarin kamar yadda yake. Babban kuskure shi ne a zaɓi umarnin ƙirƙirar sabon tsari ko na share faifai, domin wannan zai rubuta a kan alamomin da ake buƙata wajen tarawar. Wanda bai tabbata ba, ya dakata ya nemi wanda ya fi shi sani. Matambayi ba ya ɓata, kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina duk suna koyar da ilimin kwamfuta, ba su kuma da nisa da mu.

7.0 Rigakafi

RAID ba ya maye gurbin kwafin ko-ta-kwana, domin abin da aka goge bisa kuskure a faifai ɗaya nan take yake gogewa a sauran. Ƙa'idar da masana ke bi ana kiranta 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a ajiye shi a wani gini dabam.

Kwafin ma sai ana gwada shi. A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai kimanin gigabayit 300 daga babbar uwar garkensu, yana zaton a kan ta biyu yake aiki. Kamfanin yana da hanyoyin kwafi har biyar, amma da aka nema sai aka tarar babu wadda za a dogara da ita yadda aka zata. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin aukuwar abin, aikin waɗannan awanni shida kuwa ya tafi ke nan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga makarantunmu, abubuwan kiyayewa ba su da tsada. A kashe na'ura kafin a kaɗe mata ƙura. A sayi wayoyin SATA masu maƙallin ƙarfe, a ɗaure su, a manna wa kowace takarda mai lambar faifanta. A haɗa uwar garke da batirin UPS, domin ɗaukewar wuta ba zato tana jawo irin wannan rikici. A kuma ware rana ɗaya a kowane zango a gwada dawo da bayanai daga kwafi.

Daɗin daɗawa, shugabannin makarantu su sauƙaƙa wa ma'aikaci ko ɗalibi faɗin gaskiya. Wanda ya san za a ci mutuncinsa zai ɓoye kuskurensa, ya mayar da waya a asirce, ya yi ta danne-danne. Wanda ya zo nan take ya ce, "Malam, hannuna ya taɓa wayar nan da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata," ya riga ya ba mai gyara rabin abin da yake buƙata.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa kwamfuta tana rubutu a allo kafin littafi, kuma zarewar waya yakan shafi abin da ke tsakanin biyun ne kawai. Mun ga yadda kundin niyya ke hana rumbun rushewa. Mun kuma jera matakai bakwai: tsayawa, karanta saƙo, kashewa, mayar da waya, kwafa, bincike da gyara, sai gwadawa da takarda. Malamin da ke da tsohuwar kwamfutar da ba a amfani da ita yana iya gwada waɗannan matakai tare da ɗalibansa, a kan faifan da babu wani abin kirki a cikinsa, kafin ranar da za a buƙace su da gaske.

9.0 Tambayoyi

1. Bayyana bambancin RAM da faifan ajiya, ka kawo misali daga rayuwar yau da kullum.

2. Me ya sa uwar garke ke ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan wayar faifanta ta zare?

3. Faifai mai gigabayit 500 ne, ana kwafar megabayit 125 a sakan. Minti nawa aikin zai ɗauka?

4. A misalin RAID 5 na sama, faifai na biyu yana riƙe da 9, na uku kuma jimilla 23. Mene ne ke cikin na ɗaya?

5. Kawo dalili biyu da suka sa ake kwafar faifai kafin a ba fsck ko chkdsk izinin gyara.